Ashe kalaman Baban Ummi na aro ne

Jiya da yamma ina tsakar gida ina gyaran alayyafo, sai na ji sifikar mai cajin waya da ke ƙofar gidanmu a Tudun Wada tana rera kalaman da mijina ya sace zuciyata da su.

Wai fitattun waƙoƙin wani mawaƙin soyayya aka tattara wuri guda. Ni kuwa a gidanmu ba a jin waƙa, ban taɓa saninsu ba.

Ta farko, abin da Baban Ummi ya faɗa mini ne ranar da ya fara zuwa zance. Ta biyu, da ita yake lallashina in na yi fushi, har wurin da yake jan numfashi! A kan kalaman nan fa na sallami wani mai shagon atamfa ɗan Hanwa.

Da ya dawo na ajiye masa tuwo, na ce, "Baban Ummi, ashe 'ke ce ruwan randa a tsakiyar bazara' ba taka ba ce?"

Ya tsaya da loma a hannu, ya kasa kunne. "Ikon Allah! Har bawan Allahn nan ya samu labarinmu?"

"Waƙar ta girmi aurenmu."

"To ai shi rerawa kawai ya yi, ni na biya sadaki."

Gaskiya waƙoƙin sun yi daɗi, amma na ba Baban Ummi zuwa Juma'a ya kawo nasa na kansa, ko ya sha miya ba nama.

Mata, ku je ku saurara da kyau. Ke da wace waƙa aka auro ki?