Bututun Kawu da ke fuskantar Benin

Kawuna ya koyar da kimiyya a makarantar sakandare har ya yi ritaya. Sa'anninsa suka sayi shanu, wasu suka kama noman shinkafa a fadama, shi kuwa ya gina ɗan ɗaki a saman gidansa da ke bakin gari, a Bagudo, don kallon rana. Rana fa, wadda kowa ke neman inuwar da zai tsere mata.

Na'urar hangen nesan gwanjon Kwatano ce, wani dogon bututu mai ƙafa uku. Ba ya sa ido a ciki, ya ce makanta ce nan take. Farin kwali yake tarawa a bayanta, hoton rana ya faɗo a kai kamar faifai, da wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo da yake zanawa da fensir. Duk wanda ya je gaishe shi sai ya sha bayanin ɗigon nan kafin ya sha ruwa. Ni kaina na sha, har na koyi zuwa bayan magariba.

Abin da Kawu bai lissafa ba, duk da iliminsa, shi ne rana yamma take faɗuwa, kuma yamma da mu Benin ce. Kullum da la'asar bututun zai sunkuya a hankali ya fuskanci hanyar Lolo, garin bakin iyaka, daidai lokacin da 'yan babur ke ɗaura jarkokin fetur su bi ta daji, su dawo da shinkafa. Rabin unguwar da wannan hanya suke ci.

Sai jami'an kwastan suka kama wasu da kaya. Ba a bincika komai ba, an ɗaga kai kawai an ga bututu, aka ce da shi Kawu ke tona asiri. Aka daina amsa sallamarsa da kyau. A masallaci sai a bar gurbi tsakaninsa da na kusa da shi. Matarsa ta je suna aka bar ta ita kaɗai a tabarma. Har magana ta fito cewa za a hau a sauke ɗakin. Na ji haushi ƙwarai, domin yawancin masu wannan magana shi ya koya musu rubuta sunansu daidai.

Kawu ya ce jahilci ne, maganinsa kuma nuni. Ya gayyaci shugaban 'yan babur, tsohon ɗalibinsa, tare da wasu dattawa. Ina wurin. Ya tara kwali, rana ta fito tas, ya nuna musu ɗigon, ya ce kowane ɗaya zai iya haɗiye duniyar nan tamu. Fuskarsa sai walƙiya take, ya samu aji bayan shekaru.

Shugaban ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, tsakaninmu da rana akwai nisa kwarai?"

"Nisan da hankalinka ba zai ɗauka ba," in ji Kawu, yana murmushi.

"To abin da ya gano ƙuraje ga huskar rana, mi za ya hana shi ganin babur ga hanyar Lolo?"

Dattawa suka gyaɗa kai. Da hannunsa Kawu ya kawo shaidar da ta kashe shi.

Aka yi sulhu irin namu, wanda ba a wanke kowa. Ɗaki zai tsaya, amma bututu ba zai ƙara kallon yamma ba. Daga hantsi zuwa azahar, gabas kawai. Shugaban ya ƙara da cewa, "Dama ta can motar jami'ai ka hitowa. In kun ga wani abu, Malam, mu ɗiyanku na."

Bai taɓa gaya musu komai ba, domin ba abin da yake gani sai rana. Amma duk ranar da kaya suka wuce lafiya, shi ake yi wa godiya. Sahu ya matse a masallaci. Babura na wucewa suna danna masa oda, ana kiransa mai gadinmu.

Kwanan baya na hau na same shi yana zane, azahar ta kusa, yana sauri. Na ce ai ya ci riba, mutunci ya dawo. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Kullum suna gaishe ni daga ƙasa. Har yau ba wanda ya ce in sake nuna mishi ranar."