Kwandon da Ya Tsaya da Mu a Sama

A daminar da aka yi wasannin Olamfik, kasuwa ta yi sanyi a Guangzhou. Kayana na zaune a tashar Nansha suna jiran jirgin ruwa, ni kuma ina zaune a masauki ina jiran su. Maƙwabcin ɗakina wani dattijo ne ɗan Maraɗi mai sarin fitilu, kowa Alhaji yake ce masa. Shi ya matsa mu je wani wurin shaƙatawa a bayan gari, inda ake ɗaga mutane sama a ƙaton balan-balan mai kwando, ɗaure da igiyar ƙarfe.

Da muka fara tashi na gane ba yawon buɗe ido ya kawo shi ba.

"Ɗana, kakana ya riƙe igiyar irin wannan," in ji shi. "Nasara suka kai shi Faransi a yaƙin duniya na farko. Sai a sa soja guda a kwando da madubin hangen nesa da wayar magana, a sake shi sama ya leƙo inda abokan gaba suka ɓoye igwa. Su kakana suna ƙasa. In jirgin saman maƙiya ya ɓullo, su za su jawo shi kafin a cinna wa abin wuta."

"In ba su yi sauri ba fa, Baba?"

"Sai ya diro da lema, in ta buɗe."

Bai rufe baki ba iska ta taso daga kudu. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen kogi. Yarinyar da ke kula da mu, 'yar ƙasar ce, ta yi magana a rediyon hannunta, muka ji an fara jan mu ƙasa. Can sai kwandon ya yi wata girgiza, ya tsaya cak.

Na nuna mata ƙasa da yatsa. Ta girgiza kai. "Meyo," ta ce, wato babu. Injin da ke naɗe igiyar ne ya mutu.

Iska ta riƙa wurga mu gefe, igiyar na kuka kamar za ta tsinke. Wata mata ta durƙusa ta rungume ƙafar mijinta. Ni kuwa addu'ar da na sani tun ina ƙarami ta ɓace mini, sai farkonta nake ta maimaitawa. Motoci a ƙasa ƙanana, ba wanda ya san halin da muke ciki.

"Kada ka dubi hadarin," in ji Alhaji. "Dubi mutanen can, ka jiya?"

Na leƙa. Ma'aikata sun taru a gindin igiyar suna guje-guje, wani ya kwanta rub da ciki a ƙarƙashin injin. Na kafa masa ido. Ruwa ya fara dukanmu bai ɗago ba.

Da injin ya tashi, a hankali aka sauko da mu, a jiƙe sharkaf. Na zauna a ciyawa. Alhaji ya wuce kai tsaye wurin mutumin nan, wanda baƙin mai ya ɓata wa riga, ya kama hannunsa da hannu biyu. Ba su da yare ɗaya, sun daɗe a haka.

A motar komawa, da muka kusa masauki, Alhaji ya tambaye ni ko la'asar ta wuce.