Kwikwiyon Salma da Maharbin Habboba

A unguwar Arba wa Nus na girma, a wani gidan bene da har yau ba a gama yi masa fenti ba. Kakarmu, wadda muke kira Habboba yadda mutanen Sudan suke yi, ba ta son zaman ɗaki. Da an idar da magariba, musamman lokacin sanyi, sai ta sa a hau mata da murhun gawayi saman rufi, ta zauna tsakanin igiyoyin shanya tana soya 'ya'yan gahawa. Mu kuma mu kewaye ta cikin bargo ɗaya, muna ture-ture a kan wanda zai fi kusa da wuta. Daga ƙasa ana jiyo mai sayar da gas yana ƙwanƙwasa tukunyarsa. Hausar Habboba ta dā ce, wadda iyayenta suka taho da ita a hanyar Makka, duk ta gauraya da Larabci.

Ba ta fara tatsuniya sai ta kurɓi kofin farko. Sannan ta ce, "Ga wata ta iso bakin ƙofa, in buɗe mata?" Mu ce ta buɗe.

Akwai wadda ta sha maimaitawa, ta wani maharbi mai saurin hannu da aka ba ɗan kwikwiyo. Duk sanda ya dawo daga daji ya tarar kwikwiyon ya ɓata masa zaure, sai ya kama shi ya zane. Ba a daɗe ba zauren ya zama fes, maharbi yana ta fariya a gari wai ya iya horon kare. Ashe ƙarƙashin rumbu kwikwiyon ya koma, inda ido ba ya kaiwa, har wari ya hana mutanen gida cin tuwo. Nan ne tsohuwar maharbin ta karɓe shi. Da kwikwiyon ya farka daga barci, ko ya gama cin abinci, sai ta ɗauke shi zuwa juji, ta zauna tana kaɗin audugarta har ya yi abin da zai yi, sannan ta ba shi ƙanzo. A nan Habboba takan karkace baki ta yi muryar tsohuwar: "Kai ɗan nan, sandarka ba ta koya masa inda zai yi ba. Inda ba za ka gani ba ta koya masa."

Mu dai wurin warin muke jira, don yadda take toshe hanci tana fifita da mayafi. Sauran ba ya shiga kanmu.

Habboba ta daɗe da rasuwa. Ni karatuna bai yi nisa ba, yanzu aikin gida nake yi a unguwar Ma'adi wurin wata likita da muke kira Madam. Bana 'yarta Salma ta tsinto ɗan kwikwiyo a gindin wata mota, ta dawo da shi cikin gyalenta. Gaskiya raina bai so ba. Mu a gidanmu kare ba ya shiga ɗaki, kuma a lungun kicin nake shimfiɗa sallayata. Da ya ɓata dardumar falo, Madam ta ce mahaifiyarta na nan tafe za ta zauna da su, idan bai daina ba kafin ta iso, titi zai koma. Salma ta same ni a kicin idanunta jajur. "Ammu Haruna, kai ne kake yini da shi," in ji ta, don ammu take ce mini, wato baffa. "Don Allah ka koya masa."

Na ce tamam, na amince. Amma da sun fita, in na ga ya yi, silifa nake cirewa in zane shi. Ba zan ɓoye ba, har daɗi na ji da na ga falo ya daina ɓaci, na gaya wa Salma an gama. Ranar da na jawo injin wanki zan share bayansa ne na ga inda yake zuwa. Na tsaya riƙe da tsintsiya, kunya ta rufe ni, sai ka ce Habboba na tsaye a bayana.

Tun daga ranar na koma aikin tsohuwar. Da ya buɗe ido ko ya lashe kwanonsa, in ce yalla, mu je, in sauka da shi gindin bishiyar da ke bayan gida. Ni ba ni da auduga, carbi nake ja. Wani lokaci ya yi ta shinshina ganye har ƙafata ta yi tsami, mu hau sama, sai ya tsuguna a bakin ƙofa. In goge, in yi shiru. In ya yi a waje kuma in gutsura masa cuku.

Mahaifiyar Madam ta iso, ta yi mako guda ba ta ga komai a ƙasa ba. Madam ta ce khalas, shi ke nan, kwikwiyo ya zauna. Salma ta yi ta yi mini godiya, na kasa kallon fuskarta.

A tatsuniyar, da kwikwiyo ya koyi juji zance ya ƙare, a rufe murhu a sauka. Habboba ba ta taɓa faɗa mana ko ya sake yarda da maharbin ba, mu ma ba mu tambaya ba. Yau ni ne mai son amsar. Wannan namu in Salma ta kira shi da gudu yake zuwa. In ni ne, sai ya tsaya nesa kaɗan ya dubi hannuna tukuna. Nakan buɗe masa tafukan duka biyu, in yi istigfari, in jira.