Hannun da ke bayan mashin

A gidanmu, tun zamanin kakana, maigida ne ke ɗaga damin hatsi na farko ya miƙa shi bakin rumbu da hannunsa. Ba ɗa, ba ƙane, ba ɗan ƙwadago. Shekarar da ubana ya kasa, ya ajiye damin a ƙasa. Ya koma gindin gawo ya zauna, kuma daga ranar ni ake tambaya duk abin da za a yi a gida.

Shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki, moto, wato babur, ta kayar da ni a hanyar Tabla, kafaɗata ta dama ta goce. Da kaka ta zo na ɗaga damin har ƙirji, hannun ya ƙi wucewa. Ƙanena ya sa hannu ya ƙarasa mini, ya ce, "Yaya, bana kawai ce." Na ce masa bana kawai ce. Amma na sani, shi ma ya sani, in aka yi haka sau biyu gindin gawo ya kira ni.

Na tafi Yamai wajen lokotoro, wato likita. Ya taɓa kafaɗar, ya ce ƙashi ya koma, ƙarfi ne bai koma ba. Ya rubuta mini takarda: in samu mashin na ɗaga ƙarfe, in fara da mafi sauƙi, sau goma, in huta, in sake, har zagaye uku, kwana uku a mako. Kada in ƙara nauyi sai wanda nake kai ya daina wahalar da ni. Takardar ta yi mini daidai. Karatuna bai wuce sartifika ba, amma shekara ashirin da shida na yi ina surbeyan, mai kula da ladabin ɗalibai, a kwalej ta Filingue, na san ba a shiga aji na biyu sai an gama na ɗaya.

Wuri ɗaya ne ke da irin mashinan a Filingue, bayan tashar motocin Yamai. Wani tsohon soja ne ya buɗe shi, kowa Sarjan yake ce masa. Ɗakin a da wurin ajiyar fatu ne, kuma fatun sun tafi sun bar warinsu. Rufin kwano, taga ɗaya. Ranar da na fara shiga, a farkon damina, sai da na dawo waje na tofar da yawu.

Bari in faɗi abin da na tarar, bi da bi. Na farko kujerar mashin. Fatarta ta yage, soson ciki ya fito, ya sha zufar mutane har ya yi baƙi, in ka zauna sai ka ji ya tsattsafo maka ta wando. Na biyu mariƙan mashin. Sarjan da baƙin man mota yake shafe ƙarafan, 'yan kokawa kuma da ke zuwa suna shafa wani magani mai yauƙi a hannu, biyun suka haɗu suka zama wani abu da ban san sunansa ba. Na uku tsumma ɗaya rataye a ƙusa, da shi ake goge fuska, da shi ake goge hamata, da shi ake goge kujera. Akwai kuma gwangwanin tumatir a lungu na masu cin taba. Wannan ba zan yi bayaninsa ba.

Washegari na dawo da sabuluna, da tsummana, da leda ta shimfiɗawa, da tufafin da na ware waɗanda ba zan taɓa yin salla da su ba. Na zo da kaye kuma, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, na ja layi uku: rana, yawan ƙarfe, yawan ɗagawa.

Mashin ɗin kafaɗa haka yake. Ka zauna, ka kama mariƙai biyu kusa da kunnuwa, ka tura sama. A bayan kujerar akwai farantan ƙarfe goma jere kan juna, da waya mai ja su. Inda ka soka ƙusa, daga nan zuwa sama za ka ɗaga. Mai zama ba ya ganin farantan, ƙararsu kawai yake ji. Sarjan ya soka mini a na ɗaya, ya ce, "Malam, nan anka hwara, ko janar ne." Na ɗaga sau goma da ƙyar.

Cikin masu zuwa akwai wani ƙato ɗan kokawa, mijin 'yar yayata, mutum mai 'ya'ya huɗu. Kawu yake ce mini. Da ya gan ni a kan kujerar ya durƙusa ya gaishe ni, ƙirjinsa tsirara, layu sun jiƙe a damtsensa. Daga ranar ya ɗora wa kansa tsayawa a bayana, wai don kada waya ta tsinke. Zufarsa na ɗiga mini a ƙeya. Na ce ya matsa, ya matsa taki ɗaya, ya dawo. Numfashinsa albasa ce da taba. Na haƙura, don siriki ne, kuma ban ga laifin mai tsaron waya ba.

Abu ya yi ta tafiya da kyau, har ya fi yadda lokotoro ya ce. Mako na biyu faranti biyu. Na uku, uku. Kowace ranar da na ƙara sai 'yan kokawa su yi shewa, "Tsoho ya tashi! A kawo mishi ganga!" Ba na kula su, amma ina rubutawa. Da hatsi ya fitar da kai ina kan faranti shida. Na tambayi Sarjan ko shida sun kai dami, ya ce sun kusa. Na koma gida na ce wa ƙanena bana ya shirya hawa saman rumbu kawai, ƙasa tawa ce.

Wata Laraba sirikin nawa ya tafi kokawa ƙasar Imanan. Na wanke kujera, na shimfiɗa leda, na soka ƙusa a na shida, na zauna, na tura. Ko motsi. Na ɗauka waya ta maƙale, na tashi na duba, lafiya lau. Na koma na biyar. Babu. Na huɗu, babu. Na uku ya ɗaga kamar faɗin yatsa ya faɗi. Sai a na biyu na samu sau goma, da ƙyar.

Sarjan yana bakin ƙofa yana kallon tasha, kamar bai taɓa ganin mota ba.

Na ce, "Sarjan, zo nan."

Ya zo yana sosa wuya.

Na ce, "Wa ke ɗaga ƙarafana?"

Ya ce, "Malam, na hana sirikinka sau biyu. Ka gan shi dai. Ni da gwiwa guda."

Ranar Juma'a da safe sirikin nawa ya dawo, na jira ya gama gaisuwa. Na buɗe kaye na nuna masa shafi huɗu cike da rubutuna, na ce duk wannan ƙarya ce, kuma da hannuna ya sa na rubuta ta.

Ya ce, "Kawu, yatsa biyu ɗai nika sawa ƙarƙashi. Biyu ɗai."

Na ce, "Wa ya aike ka?"

Ya ce, "To ƙaƙa za ni yi? In tsaya ina kallo kana nishi da kaya? Ko tulu na gani bisa kanka cikin kasuwa sai na amshe. Innata ta ji na bar ka, mi za ni ce mata?"

Sauran 'yan kokawa suka ce gaskiya ya faɗi. Ɗaya ma ya ce shi ne ke karɓarsa in ya fita fitsari. Wato ba mutum ɗaya ba ne. Wata biyu da rabi ina wanke kujera, ina jure wari, ina shan zufar ƙato a ƙeya, ashe motsa jikinsu nake taya su. Abin da ya fi ci mini rai, ni na koyar da wannan. Yara nawa na sa suka durƙusa a rana don sun wuce malami da kaya a hannu ba su karɓa ba? Wasu daga cikinsu suna tsaye a ɗakin.

Saura mako biyar a yanke hatsi. Na yage shafukan huɗu, na ja sabon layi. Na kafa doka: in na zauna, kowa ya dawo gabana inda nake ganin hannuwansa. Sirikin nawa yakan tsuguna ya cusa hannuwa cikin hamata yana kawar da kai, kamar ana yi mini kaciya a gabansa. Na fara daga biyu. Na kai uku a mako na uku. Na taɓa huɗu a makon ƙarshe, sau shida, ba goma ba. Haka na rubuta.

Ranar zuba hatsi ƙanena ya hau saman rumbu. Aka ajiye mini dami a gabana, na dube shi, na ga an ɗaure shi siriri kamar na sadaka. Na ture shi da ƙafa, na je tsibin na zaɓi na tsakiya. Na ce kowa ya ja baya taki uku, har matan, har sirikina da ya zo ba a gayyace shi ba. Na yi bisimilla. Gwiwa, ƙirji, sannan na tura. Kafaɗar ta yi zafi kamar an soka mini ƙusar mashin. Damin ya wuce goshina, ya wuce kaina, sai na ji nauyin ya tafi.

Mata suka yi guɗa. Karɓa aikin na sama ne, ba wanda zai ce ba haka ba. Amma na ɗaga ido na ga ƙanena ya zuro rabin jikinsa, cikinsa a kan bakin rumbu, ƙafafunsa na lilo a ciki. Shekara talatin ina miƙa masa dami, ban taɓa ganin ya sunkuyo haka ba.

Ya ce, "Yaya, ka kai shi."

 Ban koma gindin gawo ba, ban kuma rubuta cewa na kai ba. A kaye na sa: dami ɗaya, har saman kai, sauran ba a tabbatar ba. Ranar Litinin na ɗauki sabulu da leda na koma ɗakin fatun, na wanke kujerar, na soka ƙusa a na huɗu.