Sumaila Marigayi, Wanda Muka Yi wa Salla Sau Biyu

Ku mutanen unguwannin Nima da Maamobi kun san sallamarsa. Ba ka jin takunsa, ba ka jin tarinsa, sai dai ka ga farar jallabiya a bayan labule, murya ta ce, "Salamu alaikum. Marigayi ne, kada ku gudu." Ni Mamman tela taubashinsa ne, ɗan gwaggona ne, gida ɗaya muka tashi, amma wallahi ban taɓa sabawa ba. In ya yi sallamar nan ina cin tuwo, loma a wuya take tsaya mini.

Saboda yaran yanzu, bari in faɗi asalin sunan. Sumaila fataucin albasa yake yi daga arewa zuwa kasuwar Agbogbloshie. Wata shekara ya tafi bai dawo ba, aka ce ya tsallaka hamada neman aiki. Can sai wani direba ya zo ya ce ya ga gawarsa da idonsa. Muka yi masa sallar ga'ibi, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Matarsa Adiza ta yi takaba, daga baya ta auri wani mahauci. Da aka shekara bakwai, rabon gidan gado ya kai mu kotu, alƙali ya buga hatimi cewa Sumaila ya mutu. Ɗaki biyun da ke kasonsa suka zama na 'yarsa Ramatu.

Shekara huɗu bayan hatimin, wata Laraba da la'asar, muna shan shayin ataya a ƙofar shagona, wani ramammen mutum ya zo ya zauna a benci, ya ɗauki kofina ya kurɓa.

"Mamman, har yanzu sukari kake cikawa?"

Mu shida ne a wurin. Biyu a kwata aka tsamo su. Ni ban gudu ba, kuma ba jarumta ba ce, ƙafafuna ne suka ƙi tashi. Ashe duk shekarun nan yana kurkuku a wata ƙasa. Kun san abin da ya fara bincika? Waɗanda suka zo sadakarsa.

"An ce kwano biyu na waakye, shinkafa da wake, ka ci ranar arba'in ɗina."

Na ce, "Baƙin ciki ne, Yaya."

"Baƙin ciki har da ƙwai?"

Liman ne ya kira shi ya ce, "Sumaila, je ka a warware takardar kotun nan. A garin nan ba a binne mutum sai da takardar ofis. Ranar da mutuwar gaskiya ta zo, da wace takarda za mu kai ka?" Ya yarda, aka ce in raka shi in yi masa tafinta. Ni fa, da aka kora daga aji biyu saboda barci! Turancina bai wuce na cinikin zare ba.

Muka fara da likita, don ya rubuta cewa yana da rai. Ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji, ya matse masa hannu, ya haska idonsa.

Sumaila ya ce, "Dokta, ina da rai?"

"Zuciya na bugawa, jini na gudu. A abin da na auna yau, ban ga alamar mutuwa ba."

"Ka rantse ni ne Sumailan da aka ce ya mutu?"

"Ba zan rantse ba. Sai an gwada jininka da na 'yarka. Ko an gwada ma, abin da za mu rubuta shi ne kusan tabbas."

"Kusan?"

"Haka muke magana, Baba. Kullum muna barin ƙofa a buɗe, ko gobe wani awon zai nuna wani abu."

Sumaila ya juyo ya dube ni. "Ka ji? Kusan ina nan."

Muka wuce wurin lauya. Shi ko kallon ƙirjinsa bai yi ba, takarda ya karanta.

"Sumaila ya mutu."

"Ga ni zaune a kujerarka."

"Ni na gan ka. Kotu ba ta gan ka ba. Abin da ta faɗa ya zauna, sai ranar da ita da bakinta ta faɗi wani. In ta tashe ka kuma, duk abin da aka gina a kan mutuwarka sai an sake buɗe shi."

Sumaila ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya yi godiya. A cikin trotro, motar hayar da muka hau, ya ce mini ba zai koma ba.

"Likita ya taɓa ni ya kasa rantsewa. Alƙali bai taɓa ganina ba ya rantse. Tunda aka haife ni ba wanda ya yi magana a kaina da tabbaci irin alƙalin nan. Ni kuwa ba na ƙaryata manya."

Shekara goma sha ɗaya ya yi a haka, yana kwana a ɗan ɗakin bayan shagona. Ba jana'izar da ke wuce shi. Ya dafa mai kuka ya ce, "Yi haƙuri, ba wuya. An yi mini." In ya haɗu da Adiza a Kasuwar Malam Atta sai ya rusuna ya ce, "Hajiya, ya haƙurin mai gidanki na fari? Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai." Ita kuma ta ja mayafi ta ce, "Allah ya jiƙansa," ta ƙara sauri. Ban taɓa ganin ya wuce haka da ita ba.

Sau ɗaya na matsa masa, ina datsa wando yana riƙe mini bakin. Na ce, "Yaya, wasan nan ya isa. Za ka bar mu da gawa ba takarda."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "In na tashi, ɗakunan Ramatu sun koma teburin rabo, kuma ka san 'yan'uwana. Adiza da 'ya'ya uku a gidan mutum, a fara tambayar auren wa ke kanta. Mutum ɗaya ya kwanta, gida biyu sun zauna lafiya. Riƙe almakashinka da kyau."

Mutuwar gaskiyar ta zo ranar wata Alhamis da hantsi, yana zaune a bencin shagona, ido a buɗe. Mutane suna wucewa suna cewa, "Marigayi, ina kwana?" Har ni na yi masa tsiya a kan shirun. Sai da ƙuda ya sauka a idonsa bai ƙifta ba.

Likita ya auna, ya sake aunawa, ya rubuta babu numfashi, babu bugun zuciya. Na ce, "Dokta, kusan ne ko duka?" Ya ce, "Duka." Ban taɓa jin likita ya rufe ƙofa ba sai ranar.

Ni da Ramatu muka ruga ofis. An riga an haƙa kabari, an yi wanka, mutane sun cika layi. Matar ofis ta duba ta ce, "Mutumin nan ya mutu tun shekara goma sha biyar. Ba a mutuwa sau biyu a littafina. Ku sa shi a firji, ku je kotu ta soke ta farkon." Ramatu ta fashe da kuka. Ni kuwa na san abin da sokewar za ta tono.

Ban san inda dabarar ta fito mini ba. Na ce, "Madam, littafinki ya ce ya mutu. Ya ce an binne shi?"

Ta duba, ta sake dubawa. "Bai ce ba."

"To mu ba sabuwar mutuwa muka kawo ba. Tsohuwar muka zo binnewa."

Ta cire tabarau. "Ewurade, ya Ubangiji! Shekara goma sha biyar? Ina kuka ajiye shi?"

"A ƙofar shagona, Madam. Ba ya damun kowa."

Ta daɗe tana kallona. Ta shiga wurin babbanta, ta fito, ta buga hatimi da ɗan nesa-nesa, kamar takardar za ta cije ta.

Kafin magariba muka kai shi. Liman ɗin da ya yi masa sallar farko shi ya yi ta biyu, sai dai kafin ya ɗaga hannu ya waiwayo ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Mamman, wannan karon kun duba da kyau?" Da aka gama rufewa ba wanda ya so ya fara juya baya. Muka yi tsaye, tsofaffi da furfura, muna kallon ƙasa ko za ta motsa. Ba ta motsa ba. A nan ne kukan ya zo mini.

Ya Allah, Kai ba ka bukatar awo, ba ka bukatar hatimi, Ka san bawanka Sumaila da abin da ya haƙura da shi. Ka yalwata masa kabari, Ka rufa masa asiri yadda ya rufa wa nasa. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Amin.