Hannun da Kawu ya sauke mini

Bara ɗiyata ta kai ni wani ƙauye a Ingila. A bakin cocinsu akwai dutse ɗauke da sunayen waɗanda jirgin sama ya kashe a yaƙin duniya na farko, irin jirgin nan mai kama da ƙaton balan-balan da ke sakin bam. Na karanta sunayen, har da na yara. Dab da dutsen kuwa ga butik, wato kanti, ana sayar da gato, kek ɗin nan, mai siffar jirgin, mutane na ci suna dariya.

"Baba, tsaya in ɗauke ka hoto. Yi murmushi mana!" in ji ta.

Na tuna kawuna, tsohon sojan Faransa, wanda ya ga ƙauyen da jirage suka mayar toka. Wata damina, ina yaro, muna noma a gonar hatsi a Dogo-Dogo, ƙasa jiƙe tana ƙamshi, sai jirgi ya gilma. Na ɗaga hannu ina ihun murna. Ya kama hannun da tafinsa mai kanta, ya sauke shi a hankali, ya tofar da yawun goro.

"Ɗan nan, na cikinsa ba ya ganin fuskarka. Shi ya sa kisa ba ya yi masa wuya."

Na ce wa ɗiyata ta mayar da wayarta jaka. Ta ɓata rai.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya sa abin da zai sauko wa ƙauyukanmu daga sama ya zama ruwa kawai.