Ƙanƙara a Fuskar Jinjiri

Cikin shekarun da na yi ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Gyadi-Gyadi, akwai wata Talata da ta ƙi barin raina. Lokacin ni ce babbar nas a ɗakin yara, wato ni ke tsakanin likita da iyaye, in faɗa ya tashi ni ke sha.

Da hantsi aka kawo wani jinjiri daga Unguwar Gano, ya ƙi nono, jiki ya saki. Na saurari ƙirjinsa, wallahi bugun ya fi ƙarfin ƙirgawa. Likita ta ce zuciyar ce ta ƙwace da gudu, in aka bar ta za ta gaji ta tsaya. Allurar da ake yi wa irin wannan ba mu da ita, ga cunkoso a hanyar babban asibiti. Ta ce a ɗora masa ƙanƙara a fuska.

Na ruga wurin mai zoɓo na karɓo ƙanƙara a leda. Ina dawowa na tarar kakar yaron ta tare gadon. Ta ce yaron da ko arba'in bai yi ba, ana ɓoye shi daga iska, shi za mu kashe da sanyi? Sai dai mu bi ta kanta.

Ni kuwa ban iya dogon lallashi ba. Na gaya mata abin da aka koya mana a makaranta: akwai wata dabbar teku, sil, mai kama da ayu. Tana shayarwa, da huhu take numfashi kamar mu, amma takan daɗe a ƙarƙashin ruwa. Da ta nutse sai zuciyarta ta lafa, jini ya tattaru ga ƙwaƙwalwa. Mu ma Allah ya ɗan sam mana wannan baiwa, in sanyi ya bugi fuska, zuciya kan ja birki.

Ta dube ni ta ce, "In ya mutu fa?"

Na ce, "Hajiya, in muka tsaya ma mutuwa zai yi."

Ta yi bisimilla, ta riƙe kansa da hannunta. Na danna ledar ƙanƙarar a goshinsa da idanunsa, ban toshe hanci ba. Karon farko bugun bai sauko ba. Likita ta ce a sake. Na sake dannawa. Sai ya zabura ya tsala kuka, bugun ya sauko. Da ransa muka tura shi babban asibiti.

Ku masu tasowa a aikin jinya, ɗan uwan mara lafiya da ya tare muku gado ba gaba yake da ku ba, tsoro ne. Kada ku sa a fitar da shi. Ku gaya masa gaskiya ko da ɗaci, don in abin ya ɓaci ku gida za ku tafi, shi kuwa maƙabarta.